Tsohuwar sandar sinuka ta kakanmu: in yanke ta ko in ƙyale ta?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan sandar sinuka. Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi kakanmu don a gyara rufi kafin damina, sai muka ci karo da wani dogon bututun ƙarfe baƙi a bayan adaka, da ɗan kwaɗonsa duk ya yi tsatsa. Da aka ɓalle kwaɗon sai ga sanda. Guda ce tun daga baki har gindi, ba irin mai haɗi biyu da muke gani yanzu ba. Samanta fari-fari ne da wani zane a jikin katakon kamar kan kibiya, ƙasan kuma baƙi wuluk, baƙin ya hau kan farin da harsuna huɗu. A can gindi an ɗan shafe gefe ɗaya an manna wani ƙaramin faranti mai ruwan madara, rubutunsa ya dushe, London kawai nake iya karantawa. Fatar bakin ta faɗi. Na sa tef na auna, inci 57 ce.

Mahaifina ya ce kakan namu ya yi aiki a kulob ɗin Turawa tun zamanin En'e, shi ke share tebur yana rubuta maki, kuma wani bature ne ya bar masa ita da zai koma gida gab da samun 'yanci. Niyyata in kai wa kafinta ya raba ta biyu ya sa mata noti don ta shiga jaka in zan hau mashin, ya bi ta da samfefa ya shafa banish ta fito sabuwa. Sai kuma mai gidan sinukar da nake zuwa ya gan ta ya taya naira dubu 40. Me kuka gani?

Sarkin Rami:
Sallama masa kawai abokina. Da dubu 40 ai ka sayi sabuwa mai haɗi har da jakarta. Katakon da ya shekara sittin a ɗaki me za ka ci da shi?

Baban Hauwa:
Wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan tsoho, shi sa can ta fi mishi nan. Ɗana, don girman Allah kak ka bari zarto shi taɓa sandag ga, kuma kak ka shafa mata komi, ko man gyaɗa. Maida ta cikin gidanta wada ka ishe ta. Abu guda nika so ka duba muna: harsunan nan huɗu na baƙin icce, ƙarshensu na da tsini awa mashi, ko ko a zagaye suke awa kan ɗan yatsa?

Ɗan Mabera:
A zagaye suke Baba. Kuma biyu sun ɗan fi biyu tsawo, amma kaɗan ne, sai ka ƙura ido.

Baban Hauwa:
Alhamdu lillahi. To aikin hannu na, ba na inji ba. Bari in yi maka bayani don ka san abin da ke hannunka.

Farin iccen nan mai zanen kibiya shi ake ce ma ash, shi Turawan Ingila sunka fi so ga sandar sinuka da ta biliyad, don ba shi da lanƙwasa da yawa kuma zanen na taimakon ido wurin saiti. Baƙin kuwa eboni na, icce mai nauyin tsiya, shi ke ba gindin sanda nauyi ba tare da an cusa mata ƙarfe ba. Mai aikin hannu fere gindin ash ɗin shika yi gefe biyu, shi manna ɓallin eboni biyu da gam, shi ɗaure shi jira su bushe, sannan shi fere sauran gefe biyun shi manna, daga nan shi bi ta da hannu sannu sannu har ta zagaye. Wurin zagayewar nan ne harsunan ka fitowa da kai mai gwaɓi. Ta inji kuwa yanka haƙora ake yi ga icce biyu a cusa su cikin juna, shi ya sa nata ke fitowa da tsini. Ɗan bambancin tsawon da ka gani ba aibi ba ne, shaidar hannun mutum ce.

Gidajen da sunka yi suna da wanga aiki a London akwai Thurston, tun 1799, da Burroughes & Watts da anka kafa 1836, da Peradon na 1885. Su Peradon har ma wasu kamfunna suke yi wa sanda a manna farantin mai saye. Don haka faranti kaɗai ba shi gaya maka komi duka, amma in babu shi rabin labarin sanda ya tafi.

Na san zafin abin ga don ya same ni. Ta farin da nis samu, cikin shekarun 1980, na kai ta anka goge ta tas, anka shafe ta da banish mai ƙyalli. Mai gugar ya bi ta kan farantin, rubutun ya tafi har abada. Banish ɗin kuma da zafin Afrilu ya zo sai ya riƙa kama hannu, sanda ba ta gudu bisa yatsa. Tana nan wurina har yau cikin goma sha ɗaya da nit tara, kuma duk ran da na ɗauke ta sai raina ya ɓaci.

Injiniya na Arkilla:
Ikon Allah. Ɗan Mabera, kada ka kuskura ka sallama a dubu 40. Na daɗe ina bibiyar masu tara irin waɗannan sanduna a intanet, kuɗin da ke cikin harkar zai ba ku mamaki. Akwai wani George Balabushka, haifaffen Rasha a 1912, ya shiga Amurka a 1924 ya zauna Brooklyn a birnin New York. Har ya rasu a 1975 abin da ake ƙiyasin ya yi da hannunsa bai wuce sanda 1,200 ba. Yau ta gaskiya guda ɗaya tana haura dala dubu goma, wasu sun ninka haka. Wa ya sani ko irin wannan Allah ya ajiye maka a bayan adaka.

Baban Hauwa:
Injiniya, gaskiya ka faɗi game da mutumin, amma kak ka sa ma yaro dogon buri. Gida biyu na daban. Sandar Amurka irin tasa haɗi biyu ce tun asali, samanta iccen mapul ne mai santsi marar zane, bakinta ya kai milimita 13, kuma ana naɗe wurin riƙo da zaren lilin ko fata. Wagga ta Ingila ce, guda, ash da eboni, bakinta bai wuce milimita 10 zuwa 11 ba. Tana da daraja wurin masu sonta, amma ba kuɗin gida da mota ba.

Injiniya na Arkilla:
Haka ne Alhaji, na karɓi gyara. Ni ma da na sake karanta bayaninsa na ga ba ta yi kama ba. Dama shi Balabushka yawanci ba ya sa suna a jikin aikinsa, shi ya sa jabu ta yi yawa, sai ƙwararru sun duba mahaɗin da zoben da irin katakon kafin su tabbatar. Abin da ya ƙara haukata farashin kuma fim ne na 1986, The Color of Money, inda aka nuna sanda aka ce tasa ce, alhali wadda aka riƙe a fim ɗin ta kamfanin Joss ce. Tun daga nan duk mai tsohuwar sanda yake mafarkin ita ce. Na ga ni ma na so in faɗa ramin.

Sarkin Rami:
Ni fa har yanzu ban gamsu ba, da girmamawa Baba. Sanda don bugu aka yi ta. Goma sha ɗaya a ɗaki, hannu biyu gare ka, ga yara a gari suna fama da karkatattun sanduna da bakinsu ya tsage. Wannan ba ɓarna ba ce? Kuma ƙwarewa a hannu take ba a katako ba. Stephen Hendry sau bakwai ya ci kofin duniya na sinuka da sandar fam 40 da aka saya masa yana yaro.

Injiniya na Arkilla:
Ƙarasa labarin mana. A 2003 sandar ta karye cikin kayan jirgi yana dawowa daga Tailan, kuma bai sake cin kofin duniya ba har ya yi ritaya. Yana da kuɗin da zai sayi dubu irinta, amma wadda hannunsa ya saba da ita ta tafi.

Sarkin Rami:
Rabonsa da kofin tun 1999, shekara huɗu kafin ta karye. Kada a ɗora wa sanda abin da shekaru suka yi.

Baban Hauwa:
Sarkin Rami, tambayarka na da kyau kuma ba ni ƙin ta. Ba ajiya kawai nika yi ba. Kowacce ina fiddo ta in buga da ita, don sandar da ba a taɓawa ita ma lalacewa take. Amma dubi teburan da ke garin ga. Sunan sinuka muke ce musu, alhali wasan Amurka ne mai ƙwallo goma sha biyar da fara, kuma in manyan ƙwallaye ne faɗinsu milimita 57. Sinukar ainihi tebur ne mai ƙafa 12 da 6, ƙwallo 22, kowacce milimita 52 da rabi. In ka ɗauki siririyar sandar da ta haura shekara sittin ka fasa tarin manyan ƙwallaye da ƙarfin saurayi, mako guda bakinta ya tsage. Sabuwa in ta karye kasuwa na da wata. Wanda yaf fere wagga ya daɗe cikin ƙasa, kuma eboni irin nata ba ko'ina ake samu ba yanzu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Malamin Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ban san harkar katako ba, amma akwai abu biyu da nake so in tunatar. Na farko, wuraren wasan nan da yawansu wanda aka ci shi ke biyan kuɗin tebur, malamai da dama kuwa sun sa wannan cikin caca ko da kuɗin kaɗan ne. Kowa ya biya nasa kafin a fara, kuma a tashi in an kira salla. Na biyu, an taɓa gaya mini fatar da ake mannawa a bakin sandar wani lokaci ta alade ce. In haka ne a kula, domin a littafin fiƙihu na Muhtasar an yi rangwame kan fatar mushe da aka jeme a yi amfani da ita a busasshen abu, amma aka cire ta alade.

Injiniya na Arkilla:
Allah gafarta Malam, abin da aka gaya maka gaskiya ne, sai dai ba duka ba. Masu hawa-hawa ɗin nan, waɗanda in ka duba gefensu za ka ga layi-layi, irin su Moori da Kamui na Japan, da fatar alade ake yin su. Amma akwai masu fata guda kamar Elk Master mai ruwan shuɗi, wadda 'yan sinuka suka daɗe suna amfani da ita, waɗannan ba na alade ba ne. Kuma ita ce ma ta dace da tsohuwar sanda irin ta Ɗan Mabera.

Malamin Tudun Wada:
Madalla, Allah ya ƙara sani. Ka ga yanzu na san abin da zan ce wa yarana su duba.

Baduku:
Tunda an zo kan fata bari in sa baki, nan ne gonata. A Madunka na tashi. Mutane in sun ji fatar Sakkwato sai su ce jar akuya, wadda ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ita laushi gare ta, ta jaka ce da bangon littafi da filo, ba ta yi wa bakin sanda, bugu goma ta baje. Abin da ke yi shi ne ƙirgin sa mai kauri, ta wajen gadon baya, wanda aka jeme da bagaruwa. In na huda shi da ƙarfen huji sai in matse shi kwana biyu ya yi tauri. Na yi wa masu tebur da dama a Gawon Nama da Runjin Sambo. Ba zan ce ya kai na kamfani riƙe alli ba, amma ka san abin da ke bakin sandarka.

Injiniya na Arkilla:
Ai asalin abin ma haka ya fara. Da can katako tsura ake bugawa da shi. Wani hafsan sojan Faransa, Mingaud, yana tsare a kurkuku a farkon ƙarni na 19 ya manna fata a bakin sanda, daga nan aka fara iya juya ƙwallo ta dawo baya.

Kafinta Rijiyar Ɗorawa:
Ni ne irin wanda za a kawo wa aikin, to ku ji daga bakina. Ɗan Mabera, ko ka kawo mini ba zan yanka ba. Sa mahaɗi ba aikin zarto da noti ba ne. Sai an ɗora ta a injin juyi an huda tsakiyar tsakiya, in hujin ya kauce ko da kaurin gashi ne, duk ran da ka ɗaura ta za ta kalli gefe. Kuma tsohon busasshen katako yana iya tsagewa ana cikin huda.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma yanayin garinmu ne. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, katako ya tsuke, a Agusta ya sha raɓa ya kumbura, a Afrilu zafi ya haura 40. Ƙofa ma kantarewa take balle siririn abu. Bututun nan ne ya cece ta shekarun nan. Kada ka jingina ta da bango, kada ka bar ta cikin but ɗin mota ko kusa da taga. Ko ta kwanta shimfiɗe a gidanta, ko ka rataye ta tsaye.

Alhaji, ni kuma tambaya gare ni. Kanya, wadda muke ce wa kaiwa, an ce dangin eboni ce. Na taɓa fasa tsohon kututture na sami baƙi a zuciyarsa, amma dabbare-dabbare. Ga kuma maɗobiya mai ja da nauyi. Me zai hana mu gwada haɗa namu?

Baban Hauwa:
Kaiwa da eboni gida guda suke, gaskiya ne, sai dai baƙi wuluk ɗin daga kurmi shika fitowa, kudancin ƙasag ga da Kamaru da Gabon. Maɗobiya kam za ta yi gindin sanda mai kyau, jan nan nata in ya sha mai abin kallo na. Ita ce fa anka yi ta sara ana lodi zuwa Sin har anka sa ta cikin yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron su ƙare, a 2017. In za ka gwada nemi tsohon ƙyaure ko turmin da ya fashe, wanda ya shekara da shekaru yana bushewa, kak ka sa a sare ɗanya. Wuyar aikin na ga saman. Ban ga iccenmu da ya yi miƙewar ash da rashin nauyinsa ba. In ka sami karyayyar sanda mai kyan sama, kawo ta mu zauna, ina da wadda za ka duba ka kwaikwaya.

Kafinta Rijiyar Ɗorawa:
Na gode Alhaji, zan zo. In kuma tasa ta ɗan karkace fa? Makiyaya da wuta suke miƙar da sandarsu.

Baban Hauwa:
A'a, banda wuta. Gam ɗin da ne, zafi na sake shi, sai ka ga harsunan sun ɗaga. Ƙaramar karkata a bar ta, mai sanda shi saba da ita.

Maman Sadiya:
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Tun ɗazu nake karantawa, ana ta a sayar, a yanke, a ajiye, ban ji wanda ya tambayi ta wace ce ba. Ɗan Mabera, kayan kakanka ne, kuma mahaifinka na da rai, wataƙila da baffanninka da gwaggonninka. In ba a raba ta cikin gado ba, ba taka ba ce balle ka sayar ko ka sa mata zarto. A gidanmu tsohuwar tasa guda ta raba zumuncin shekara uku, don wani ya ɗauka ba ta da daraja ya bayar.

Malamin Tudun Wada:
Wallahi Hajiya kin fi mu gaskiya, ni ya kamata in fara faɗin wannan. Ko allura ce haƙƙin magada ce. A sanar da su, a yi mata ƙima, ko su yafe masa ko ya biya su rabonsu.

Injiniya na Arkilla:
Kuma a gaya musu ƙimar gaskiya, har da tayin dubu 40 ɗin. Wani abu kuma, in farantin nan na hauren giwa ne, a manta da zancen aika ta waje, an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Haure yana da siraran layuka masu gicciye juna, ƙashi kuwa ɗigo-ɗigo baƙi yake da shi. Kada a gwada da allura mai zafi kamar yadda wasu ke yi.

Ɗan Mabera:
Jama'a na dawo, kwana biyu. Mama, Allah ya saka da alheri, maganarki na fara bi. Na sami mahaifina, ya kira baffana da gwaggona biyu. Gwaggo babba har ta yi hawaye, ta ce tana tuna tsoho yana fiddo ta ranar Juma'a yana gogewa da tsumma, ba ya bari kowa ya taɓa. Sun ce ba za a sayar ba, ta zauna a gidan, ni ne mai kula da ita. Na gaya wa mai tayi ya yi haƙuri.

Jiya kuma na kai wa Baba. Ya kashe fitila ya haska farantin da tocila ta gefe, sai ga rubutu ya taso, Burroughes & Watts. Ya ce farantin ƙashi ne. Ya ɗaga ta ya saita da ido ɗaya kamar mai duba bindiga, akwai 'yar karkata wajen taƙi ɗaya daga baki, ya nuna mini yadda zan riƙa riƙe ta farantin na sama kullum. Ya goge ta da tsumma mai ɗan danshi, dauɗar da ta fita ba a magana, ya shafa man linsid ɗan kaɗan ya ce a bar ta kwana biyu ta sha. Bakinta ma babu zoben tagulla, kan katakon ake manna fatar, ya ce a bar shi haka.

Sarkin Rami:
To shi ke nan, an fi ni. Amma Baba ina roƙon alfarma ɗaya, in an sa fatar a bar ni in buga ko sau uku ne, in ji abin da kuke ji.

Baban Hauwa:
Zo Asabar bayan la'asar, ina da ƙananan ƙwallaye. Ka wanke hannu, kuma ba ka fasa tari da ita.

Baduku:
Ɗan Mabera, bututun nan tsatsa ta ci cikinsa, zai riƙa gogar katakon. Auno mini kaurin gindin da zare ka turo, in ɗinka mata kube na jar akuya da za ta shiga da shi ciki.